Bangon da Na Kai Maraɗi

A shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ni magini ne a Gangara, ina da mata da 'ya'ya biyu ƙanana. Da damina ina gona kamar kowa. In an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai in koma sana'ar da na koya a hannun kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar ubana. A zamaninshi shi ne babban maginin yankinmu. Da wuya ka ga zauren kirki daga garinmu har bakin iyaka wanda hannunshi bai taɓa ba.

Ginin kanshi ban ƙi shi ba, amma ranar yaɓe nake jira. In an lafta ƙasa a fuskar zaure, tun tana ɗanya, sai in sa yatsu in fara jan layi, in lanƙwasa nan, in tayar da can, har siffa ta fito. Mai gida bai biya ni don wannan ba, sau da yawa ma bai roƙa ba. Wani ya tsaya ya ce ya yi kyau, wani ya ce in hanzarta, iyali na jiran shiga. Ba mu ɗauke shi wani aiki dabam ba. Ado ne kawai, irin wanda ake yi in rana ba ta faɗi ba kuma ƙasa ta rage.

Labarin ya zo ne ta bakin malamin lakol, wato makarantar boko. A lokacin lakol ɗin garinmu rumfar kara ce, malamin kuma saurayi ne daga yamma, Hausarshi na ɗingishi amma ba ya jin kunyar yin ta. Ni na gina mashi ɗakin kwana, da na ga bangon ya yi mani faɗi sai na zana mashi kekenshi a gefen ƙofa, har da ƙararrawa. Tun daga ranar ya ɗauke ni aboki. Wata ranar kasuwa, an fara yankan gero, ya same ni a rumfar masu goro ya ja ni gefe. Ya ce takarda ta zo daga buro, wato ofishin gwamnati. Gwamnati ta buɗe wani gida a Maraɗi, za a tara masu aikin hannu da makaɗa su zauna a ciki tun daga ƙarshen kaka har saukar ruwa. Za a ba kowa ɗaki, a ciyar da shi, a ba shi kayan aiki, kuma ba wanda zai tsaya a kanshi ya ce ga abin da zai yi. Ƙasa ta zama tamu, in ji shi, manya na so su ga abin da hannun 'ya'yanta ya iya. Mai so sai a aika da sunanshi, sa'annan ya je da kanshi ranar da aka sa, ɗauke da wani abu daga aikinshi, masu zaɓe su gani.

Na yi dariya har mai goro ya waiwayo. Na ce masaƙi zai naɗe zanenshi ya rataya, maƙeri ya sa wuƙarshi a aljihu, makaɗi ya saɓa gogenshi. Ni fa, zauren wa zan tumɓuke in aza a ka? Shi bai yi dariya ba. Ya ce ya riga ya aika da sunana, abin da ya rage tsakanina da Allah ne.

Da na koma gida na ba mai ɗakina labarin don mu yi dariya tare. Tana tankaɗe, ga ciki ya fara yi mata nauyi. Ba ta ɗago ba sai da ta gama, sa'annan ta tambaye ni ko da gaske ne ba wanda zai ce in yi sauri. Na ce haka malamin ya faɗa. Ta ce to ai sai in shirya. Ta ce shekara da shekaru tana ganina in na dawo aiki ina zana ƙasar tsakar gida da tsinke, ina ƙarasa abin da ban samu na ƙarasa a bangon mutane ba, ita kuma da safe ta share tana jin kamar ta yi ɓarna. Na kawo mata maganar haihuwa, da ta ɗakunan da na yi wa mutane alkawari, waɗanda da su muke samun gishiri da sutura. Ta ce haihuwa ba da magini ake yin ta ba, innarta na nan bayan katanga. Ɗakuna kuwa, in je in ji ta bakin Kawu.

Wurin Kawu na sha wuya. A zamanin aikin dole, ina ƙarami, an zo an kama shi da wasu an kora su Tasawa gina gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Su ma an ce masu akwai wurin kwana, akwai abinci. Ya dawo da shatar bulala a gadon baya da wani tari da bai rabu da shi ba har ya bar duniya. A lokacin da nake ba da labari idonshi ya fara hazo, ya daina hawa bango, sai dai ya zauna a inuwa yana gyara wa masu aiki da baki. Ya saurare ni har na kai aya.

"Duk wanda ya ce zai ciyar da kai rani guda," ya ce, "ka tambaye shi mi zai ci a jikinka."

Na ce yanzu ba Nasara ba ne, namu ne ke riƙe. Ya ce bulala ba ta san hannun da ya riƙe ta ba. Daga nan ya koma ga tasbaharshi, na san an rufe magana, na yi mashi sallama na fita.

Ban sake tayar da zancen ba. Malamin lakol ne ya je ya zauna da shi tun hantsi har azahar. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Abin da na ji daga baya shi ne, tambaya ɗaya Kawu ya yi ta maimaitawa, ko in na ga ba zan iya zama ba ƙofa a buɗe take in fito. Malam ya rantse mashi a buɗe take. Ya ƙara da cewa ranar da aka hana ni fita, shi da kanshi zai ajiye alli ya je ya ɗauko ni.

Bayan kwanaki Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa an saƙa mashi wani abu da sandunan geza, mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, tsawonshi ya kai mani ƙirji, an ɗaure bakinshi da igiyar kaba. Ya buga shi da sandarshi ya ce bango ba ya tafiya ne don yana da gindi a ƙasa, to in yi wanda ba shi da gindi. Bai ambaci maganar ranar nan ba, ni ma ban ambata ba.

Na farko na lafta mashi ƙasa da kauri kamar yadda na saba, muna ɗaga shi ya zube a ƙafafunmu. Na biyu na bar shi a rana, kafin la'asar ya tsage kamar bakin tafki da bazara. A na uku Kawu ya aika wurin majema aka kawo gashin awaki, aka haɗa da ramno, wato dakakkiyar ciyawar da muke cuɗawa da ƙasar yaɓe. Mai ɗakina ta tankaɗe mani ƙasar shuri da rariyarta ta tuwo, tana cewa in tuwon gobe ya yi tsakuwa kada kowa ya yi mata magana. Na shafa shi siriri, sau bayan sau, a cikin inuwar zaure. A shafi na ƙarshe na sa yatsu.

A tsakiya na yi dagi, yadda Kawu ya koya mani, ban kauce ko kaɗan ba. A kewaye kuwa na saki hannuna. Na yi zangarniyar gero ta sunkuya, na yi gawon bakin rijiyarmu da guga rataye, na yi shanu a jere suna gangarawa fadama. Da ya bushe na shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya yi duhu ya yi ƙarfi. Kawu ya sa aka matso mashi da shi. Tunda ido ba ya ba shi da kyau, da tafin hannu ya bi shi tun daga sama. A kan dagin bai daɗe ba. A kan shanun ya tsaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi.

"Wannan ba ni na koya maka ba."

"A'a, Kawu."

"To. Kada ka taɓa shi."

A nan ne ya ce mani in bar tunanin ɗakunan mutane. Zai zauna a gindin kowane ɗaya da ƙannen matata, su ne hannu shi ne ido, ko da idon rabi ne. Ado kuwa ya jira ni.

Sai maganar ɗauka. Jaki ya yi ƙanƙanta, kuma tafiyarshi girgiza ce. Akwai wani dattijon Bafillace da ke sauka da shanunshi a gonar Kawu duk bayan kaka, su ci kara su bar taki, tun kafin a haife ni suke wannan zama. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, Hausarshi a hankali yake ajiye ta, kalma bayan kalma. Ya zo gaida Kawu ya ga abin a jingine. Ya daɗe a tsugune gabanshi. Daga ƙarshe ya ce ƙahon saniyar da ke gaba ya yi daidai, amma saniya ba ta ɗaga wutsiya haka in tana gangara. Kawu ya ce ya yi haƙuri, saniyar Kaɗo ce, wato ta Bahaushe, ba ta da tarbiyya. Washegari dattijon ya zo da takarkarinshi, babban sa mai sanyin tafiya. Ya ce san ba ya bin baƙo, don haka shi ma zai je.

Muka naɗe bangon da tsumma da tabarmi, muka cusa ƙaiƙayi a tsakani, muka rataya shi a gefe ɗaya, buhun gero a ɗaya gefen. Matar dattijon ta ba mu fura da nono a gora. Muka ɗauki hanyar Agye ta cikin gonaki, shi a gaba da igiya, ni a gefe hannuna kan tabarma. Duk tsawon tafiyar ba na jin mun yi maganar da ta wuce ta ruwa da ta salla. Da muka isa bakin babbar hanya ya taya ni saukewa, na fara jero godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya yi mani fatan jam, wato lafiya a bakinsu, ya ja sanshi ya juya, bai ko zauna ya huta ba.

Lokacin cinikin gyaɗa ne, manyan motoci na ta wucewa Maraɗi da buhuna. Wani direba ya yarda ya ɗauke ni. Aka aza ni can bisa kaya, bangon a tsakanin gwiwoyina, na rungume shi. Hanyar duk gargada ce, haƙora na ta karo da juna. Na yi ta addu'a, kuma har muka hango Cadawa ban ji komai ba. Dab da shiga gari motar ta faɗa wani rami. Ƙarar da na ji ba ta da girma, kamar an taka ƙwarya a cikin yashi, amma na san ta.

Da aka tsaya na kwance tabarma. Tsaga ta ratsa daga sama har ƙasa, kusurwar da ke da rijiya da gawo kuma ta marmashe, sai saƙar geza tsirara. Direban ya hau ya gani, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya haƙa ramin. Ya ce mu ƙarasa a haka, wataƙila su duba abin da ya rage. Na ce ya sauke ni. Ban san abin da zan yi a Cadawa ba, ban san kowa ba, na dai san ba zan shiga gaban mutane da wannan ba.

Ina zaune a gindin wata tsamiya kusa da tasha, marmashin a cikin hulata, sai ga wata tsohuwa ta sauke tukwane daga ka tana jiran mai saye. Ta dube ni, ta dubi abin da ke jingine. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Ta sa hannu a hular ta ɗebi ƙasar ta murza, ta shinshina, ta ce wanda ya haɗa wannan ya san ƙasa. Na ce kawuna ne.

"To kai kuma mi ka zauna yi, ɗan nan? Ta'aziyya kake karɓa? Ƙasa ai ba ta mutuwa, jiƙa ta ake yi."

Ta ce ita ma maginiya ce, tukwane take ginawa tun tana budurwa. Ta kira wasu mutum biyu suka ɗauki bangon zuwa gidanta a bayan kasuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta na Kano wurin fatauci, ta sauke ni a zaurenshi. Muka jiƙa marmashin muka haɗa da yumɓunta don bai isa ba. Ita ta nuna mani yadda take ɗinke tulun da ya tsage tun yana ɗanye, a jiƙa bakin tsagar, a cusa zare, a bi da yatsa har ta haɗe. Na sake gina kusurwar, na sake yin gawon da rijiyar. Don ya bushe ba tare da rana ta taɓa shi ba, ta sa aka jingine shi kusa da matoyarta, inda tokar gashin tukwane ke riƙe da ɗumi.

Ɗanyar ƙasa ba ta san sauri ba. Ina nan ina jiran ta ranar zaɓe ta zo ta wuce. Don kada zama ya kashe ni na roƙi tsohuwar ta bar ni in yi mata yaɓen ƙofar gida, wadda ruwa ya zaizaye har tubali ya fito. Na yi mata tulu da randa da kaza da 'yan tsaki a kai. Maƙwabta suka yi ta leƙowa, ita kuma tana kai da kawowa tana faɗa masu baƙonta ne, daga gabas ya zo, gwamnati ke kiranshi.

Da bangon ya bushe, gyaran ya fito fili. Yumɓun Cadawa ja ne, namu mai duhu, ga kuma tabon tsagar ya ratsa tsakiya. Na ce mata gida zan koma, tunda rana ta wuce kuma abin ya zama haka. Ta ce wanda ya tsaya a Cadawa bai je Maraɗi ba, bai kuma zauna gida ba. In za a ƙi ni, in bari a ƙi ni ina tsaye a gabansu, in ji da kunnena. Ita ta je tasha ta tsare direban nan da ya dawo wani ɗauka. A wannan karon a gaba ya sa ni, ya shimfiɗa katifarshi ta kwana a bayan kujera muka kwantar da bangon a kai, ya riƙa tafiya a hankali har motocin baya na yi mashi ham.

Gidan na gefen gari. Tsohon sito ne na ajiyar gyaɗa aka gyara, da jerin ɗakuna a gefe ɗaya da fili babba mai itatuwan dogon yaro. Na bar bangon a bakin ƙofa na shiga buro. Magatakardan bai wulaƙanta ni ba. Ya ce sunana ya iso, an kira shi ranar zaɓe ba a amsa ba, yanzu kuwa an gama, ɗakuna duk an raba. Ya ce in sake gwadawa baɗi in Allah ya kai mu. Na yi godiya na fito. Ko ba komai, na ji da kunnena kamar yadda tsohuwar ta ce.

A bakin ƙofa na tarar da wani mutum a zaune kusa da kayana yana ɗaure tsirkiyar goge. Ƙato ne, da zanen Gobirawa a kumatu, murya kamar ana buga turmi. Ya ce shi mutumin Gidan Sori ne, can bayan Gidan Rumji, yana cikin waɗanda aka ɗauka. Ya tambaye ni ko ƙyaure nake sayarwa. Na ce bango ne. Ya ce tunda uwarshi ta haife shi bai taɓa ganin bango ya zo Maraɗi a mota ba, sai na buɗe. Na buɗe don in rabu da shi.

Ya ajiye gogen. Ya kira wani masaƙi, masaƙin ya kira wani baduku, kafin in ankara an kewaye mu. Bagobirin ya shige ciki ya fito da shugabar gidan, wata mace mai matsakaicin shekaru, tsohuwar malamar lakol, kowa na ce mata Madan. Ta sa tabarau ta duƙa ta duba. Ta tambaye ni dalilin da kusurwa ɗaya ta yi ja. Na ba ta labari tun daga Gangara, da takarkari da ramin da tsohuwar. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sa'annan ta tambaye ni, in aka ba ni bangon da ba wanda ke jiran shiga bayanshi, mi zan yi a kai. Na ce ban sani ba, ban taɓa samu ba, shi ya sa na zo.

Ta sake duban bangon. Ta ce aikin ya cancanta, da na zo a ranar da ba a yi gardama ba. Amma ɗakuna sun ƙare, abinci kuma bisa yawan mutane ake aiko shi, ba ta da ikon ƙarawa.

"Madan," in ji Bagobirin, "akushin da anka ba ni jiya ban iya cinye shi ba, ga ni ƙato. Shina isar mu mu biyu. Mutumin da ya ɗauko bango tun daga gabas, ba a ce mai koma da shi."

Masaƙin ya ce shi ma a rage nashi, badukun ma haka. Madan ta ce abinci ya warware ke nan, amma ƙa'idar gidan ita ce kowa da ɗakinshi, don ya samu inda zai kaɗaita da aikinshi. Ban san inda na samu bakin magana ba. Na ce na ga fili a bayan sito, in akwai ruwa kuma an ba ni izini, ɗaki ba zai gagare ni ba. Ta cire tabarau ta dube ni, sai ta yi dariya, ta ce ta manta da wanda take magana. Ta ce za ta kai maganar sama, kafin nan in zauna da sabon abokina Bagobirin. Da amsa ta zo, yarda ce.

Ɗakin nan kowa ya sa ƙafa a ƙasarshi. Masaƙi da baduku da mai sassaƙa duk suka naɗe wando suka shiga kwaɓa. Bagobirin kaɗai ya ƙi, ya ce shi aikinshi ya sa ƙafafun wasu su motsa, ya zauna kan turmi yana goga mana. Da na gama, Madan ta kai ni gaban doguwar katangar siton, wadda ta kalli fili, ta ce tawa ce.

Kwanaki na farko ban iya komai ba. In zauna a gabanta tun safe, in tashi in auna da taki, in dawo in zauna. Na saba da mai gida a bayana yana tari, ga shi ba kowa, sai abin ya zame mani tsoro. Ba wanda ya tambaye ni. Abinci ya zo, in ci, in koma. Da na fara kuma, sai na ga ina iya yin abu yau in rushe shi gobe don bai yi mani ba, in sake, ba wanda zai ce na ɓata ƙasa. A nan na gane cewa rabin abin da na ɗauka iyakar iyawata ce, iyakar lokacin da ake ba ni ne. Na kalli yadda badukun ke jera launi a fata na nemi farar ƙasa da shuni da jan dutse, abin da ban taɓa sa wa bango ba. Masaƙin kuma ya zo ya kwafi wani lanƙwasa nawa ya sa a bakin zane. Bayan la'asar Madan na tara duk mai so a gindin itace ta koya mana baƙaƙen boko. Da yatsun da suka saba da ƙasa na fara riƙe alli, ina zufa, abokina na yi mani dariya, shi da bai wuce baƙi uku ba ya ce goge ya ishe shi.

Ana tsakiyar sanyi direban gyaɗa ya tsaya a ƙofar gidan da saƙo daga malamin lakol. Mai ɗakina ta sauka lafiya, an samu ɗiya. Kawu kuma ya ce a faɗa mani ɗakunan mutane sun tashi, ba wanda ya karkace, in zauna in gama abin da ya kai ni. Na so in tafi, na kuma san in na tafi zuciyata ba za ta bar ni in dawo ba. Ranar suna mutanen gidan suka haɗa goro, mai dafa mana abinci ta yi waina, abokina ya goga tun hantsi har rana ta karkata, yana yi wa jaririyar da bai gani ba kirari. Na zauna a tsakiyarsu ina karɓar barka a garin da watannin baya ban san kowa ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas aka sallame mu. Manya sun zo sun zagaya, sun tsaya a gaban katangar, an ɗauki hoto. Abin da suka ce ban riƙe ba. Na koma gida na tarar an yi ruwan shuka, na ajiye kaya na ɗauki ɗiyata, washegari na bi sahun mutane gona.

Da rani ya zagayo, bayan na biya mutanen garinmu adon da ke jirana, na ɗauki hanyar yamma har Gidan Sori. Ban taɓa zuwa ƙasar Gobir ba sai lokacin. Abokina ba shi da zaure, da zana ya kare ƙofar gidanshi, baƙinshi a rana suke zama. Na ce na zo gina mashi. Ya yi ta faɗa, ya ce shi bai ba ni tuwo don a biya shi da ƙasa ba. Na ce ban zo biya ba, hannuna ne ke ƙaiƙayi. Muka gina shi da 'yan'uwanshi, shi kuma kamar kullum yana kan turmi. Ranar yaɓe na tambaye shi abin da yake so a fuskar zauren, ya ce ba ruwanshi, in yi abin da na ga dama.

Mahaifiyarshi ce ta fito, tsohuwa tukuf tana dogara sanda, ta tsaya a bayana tana kallo. Can ta taɓa ni da sandar ta ce, in ba zai zama wahala ba, in sa mata zabuwa ko da ɗaya ce, don nata duk muzuru ya gama da su a daminar da ta wuce. Na sa mata garke guda, suna bin juna daga bakin ƙofa har kusurwa. Aka kawo mata tabarma ta zauna tana kallonsu har ƙasar ta fara shan iska.